Kaset ɗin Baba da Turmin Inna

Wata la'asar a gidanmu na Kaura Namoda, na juya wa Baba kaset da biro don kada batir ya ƙare, ya sa a rediyo. Waƙoƙin soyayya ne na wani mawaƙin rege, muryarsa kamar mai lallashin jariri. Baba ya lumshe ido ya ce, "Wanga mutum ya san darajar mace."

Inna tana daka gero a bayanmu, jiya-jiya ta tashi daga zazzaɓi.

Ya ɗaga kai. "Ke, sassauta dakan ga, kina hana ni ji."

Ta sassauta.

Har yau mutane suna yabon muryar nan. Ni in aka sa waƙar, taɓaryar Inna kawai nake ji, tana sauka a hankali.