Motar da Jaki Ya Wuce

Ranar da amalanken jaki ya wuce motar Inusa a hanyar Tibiri, fasinja suka kwashe da dariya, biyu ma suka sauka suka bi jakin.

Tsohuwar mota ce mai shan man gazuwal, amma da can kamar tsuntsuwa take. Yanzu ko ya taka totur iya ƙarfinsa sai nishi, dole yake jan ta a giya lamba biyu, mai kuwa kamar a rairayi ake zuba shi. Ya sake filta, ya wanke tanki. A banza.

A garejin Dogon Dutsi, Luƙman bakanike ya gaji da laluben inji, ya ɗaga shimfiɗar ƙarƙashin totur. Sai ga guntun taɓarya ɗaure tam da ƙyallen atamfa. Inusa ya san zanen nan.

Ya iso gida yana huci. "Inna, ke ce?"

Tsohuwar ko daina tankaɗe ba ta yi ba. "Ni ce. Tun da na sa shi, tunkiyar wa ka sake bankewa?"

"To, zan cire!"

"Cire mana, ɗan nan. Sauran taɓaryar na bayan ƙofa, kuma ba don mota na aje shi ba."