Gidan Sunan da Ya Zama Asibiti

Kin tambaye ni ko akwai laifi uwa ta yi wa ɗanta 'yar ƙarya in dai don lafiyarsa ne. Ba zan yanke miki hukunci ba. Ga dai wani misali, ki auna da kanki.

An yi wata mata mai ɗiya guda, yarinya mai son zaƙi. Duk lokacin da uwar ta kama ta da alewa sai ta ce, "Ci gaba da sha, likitan haƙori yana nan da filayarsa." Da haka likitan ya zame wa yarinyar dodo tun ba ta taɓa ganinsa ba. Ana nan sai haƙorin taunarta ɗaya ya yi rami. Ba ta gaya wa kowa ba, amma uwar ta lura tana tauna da gefe guda, in an sayo rake sai ta kau da kai, in ta kurɓi ruwan sanyi sai ta runtse ido. Uwar ta san lallashi ba zai kai ta asibiti ba, don haka ta yi dabara. Wata safiya ta yi mata wanka, ta sa mata kayan Salla, ta zizara mata kwalli, ta ce gidan suna za su wajen gwaggonta. Yarinya ta dinga tsalle, har da ɗauko 'yar jakarta don ta zubo cincin. Sai ga adaidaita ta tsaya a ƙofar asibiti. Tana jin warin magani sai ta dubi kayan jikinta, ta dubi uwarta.

Likitan kuwa mutum ne mai haƙuri. Ya ba ta madubi ta riƙe, ya nuna mata ramin, ya cike shi, ba ta ko yi kuka ba. Ya gaya wa uwar cewa na ɗaya gefen ma ya soma taɓuwa, kuma ba haƙorin nono ba ne, in ya fita ba mai maye gurbinsa, saboda haka da zarar ta ji tsami a dawo da ita. Da yamma uwar ta zauna da maƙwabtanta a tsakar gida tana ba su labari tana dariya: yadda ta gane ciwon daga rake da ruwan sanyi, da yadda kwalli ya yi mata aiki. Yarinyar tana bakin ƙofa, ta ji komai.

Daga ranar gidan ya canza. In uwar ta ce, "Sa takalmi mu fita," sai yarinya ta tsaya ta kalli mayafin da ta ɗauko, ta leƙa jakarta ko akwai katin asibiti. In an miƙo mata zuma a cokali sai ta shinshina. Ranar da aka yi suna na gaske a gidan gwaggon, ta ƙanƙame ƙafar gado ta ƙi fita har aka tafi aka bar ta. Uwar ma ta shiga nata zargin. Ta riƙa sa mata ido wajen cin abinci, amma ba ta ga komai ba. Yarinya tana tauna da gefe biyu. Ta karɓi rake ta tsaya a gaban uwarta ta ɓare shi da haƙori. Ta sha ruwan ƙanƙara idonta a buɗe, ta ajiye kofi, sannan ta zaga bayan ɗaki. Abu ɗaya ya ɗaure wa uwar kai: kanumfarin da take ajiyewa don kunu kullum raguwa yake. Ta zargi ɓera, ta sauya masa gwangwani mai murfi. Bai daina raguwa ba, sai ta koma zargin maƙwabciyar da ke yawan shigowa aron turmi, har gaisuwarsu ta yi sanyi. Ba ta tuna cewa yarinyar ta taɓa ganin kakarta tana cusa kanumfari a haƙori mai ciwo ba.

Wata safiya yarinya ta tashi da zazzaɓi, kuncinta ya kumbura har ido ya ƙanƙance. Wannan karon ba kwalli, ba kayan Salla, ɗaukarta aka yi. Likita ya buɗe bakin, ya zaro guntun kanumfari daga cikin ramin ɗaya haƙorin da ya yi gargaɗi a kansa. Ya ce da an zo da wuri, cikewa kawai za a yi kamar na farko, yanzu kuwa ya ruɓe har saiwa. Da kumburin ya sauka aka cire shi.

A hanyar gida uwar ta kasa haƙuri. Ta ce, "Ke kuwa me ya sa kika ɓoye mini? Wancan karon ya yi miki zafi ne?"

Yarinya ta girgiza kai, auduga a bakinta. Da ƙyar ta ce, "Bai yi zafi ba, Umma. Ai ba likitan nake tsoro ba. Ke ce kika ce gidan suna za mu."

Dabarar ta kai yarinya kujerar likita sau ɗaya, ta ba uwar labarin da za ta yi dariya da shi yamma guda. Abin da ya biyo baya shi ne giɓin da ba zai cike ba, da ɗiyar da sai ta leƙa jaka kafin ta yarda da maganar uwarta. Shi ya sa Hausawa suka ce, ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.