Takalman Baba Ambrose

Tun daga bakin gaɓar teku Verna take sa wa mahaifinta ido kamar mai gadin madara a kan wuta. Sun riga sun gama magana da yayanta Gerald ta waya: idan tsohon ya kammala wannan hutun lafiya lau, ya ci gaba da zama a gidansa na Bonavista, idan kuwa ya sake rikicewa, sai gidan tsofaffi. Shi Ambrose, bawan Allah, bai ma san jarrabawa ake yi masa ba.

Da safe ya yi abin a yaba. Ya nuna mata tsibirin tsuntsaye, ya share kifinsa da dankali tas, har ya tsokani mai sayar da shayi. Wajen takalmi ne kawai ya kafe. Ya ƙi sabon da ta saya masa, sai tsofaffin na roba masu dogon wuya, na zamanin da yake sana'ar kamun kifi. Da su ya hau jirgin kallon kifin wel, ƙaton nan mai huci yana feshin ruwa sama.

Sun yi nisa da tudu ke nan hazo ya rufe su. Can sai ƙarar inji ta ɗauke ɗif.

"Jama'a, a yi shiru," in ji Cyril, matuƙin jirgin, yana murmushi har kunne. "Ƙa'ida ce, in suna kusa kashe inji ake yi. Ku kasa kunne."

Ya shige ɗakin tuƙi, ya ja ƙofa.

Aka kasa kunne. Can gaba, cikin farin hazon, wani abu ya yi huci, fuuu. Ya yi shiru, ya sake. Baƙi suka ɗaga wayoyi suna rige-rigen bakin jirgi, wata mata daga Toronto har da hawayen daɗi.

Ambrose ko kallon wajen bai yi ba. Hanci ya ɗaga yana shinshinar iska.

"Ba wari," ya ce. "Numfashinsu wari gare shi, 'yar nan."

"To ai gara haka, Baba."

Ya kama igiyar rigar ceton da ke jikinta ya ja, har sai da numfashinta ya sarƙe. Sannan ya zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen katako, a gaban kowa, ya hau zare takalmansa.

"Cire naki ke ma."

Verna ta san inda hankalinsa ya tafi. Tun tana ƙarama take jin labarin ƙaninsa Leo, wanda irin takalman nan suka cika da ruwa suka ja shi ƙasa ranar da jirginsu ya kife. Ga shi yau tsohon ya koma wancan zamanin, a tsakiyar masu yawon shaƙatawa. Kunya ta kama ta, tausayi ya biyo baya.

"Baba, don Allah tashi, ana kallonmu."

Hucin ya sake zuwa, kusa sosai yanzu. Duk lokacin da igiyar ruwa ta ɗaga jirgin ta wuce, sai ya amsa, kuma kullum daga wuri ɗaya. Baƙin suka yi tafi. Verna ta share ido ta yanke shawara: suna sauka za ta kira Gerald, tsohon ya gama zaman gidansa.

Ƙofar ɗakin tuƙi ta buɗe. Cyril ya fito, hannayensa baƙi ƙirin da man inji har gwiwar hannu, babu sauran murmushi a fuskarsa, ashe injin lalacewa ya yi. Daidai lokacin hazon ya ɗan yaye, sai ga abin da suke wa tafi: baƙin dutse ne teku take fashewa a kansa tana huci, ruwa kuma yana kai su wajensa. Verna ta dubi ƙafafun matuƙin, ta ga shi ma da safa kawai yake tsaye.