Awon "Ba Laifi"

Kwamfutar ta ba dillalan fulawa uku maki iri ɗaya cif: rabi-rabi. Injiniya ta dafe kai. Wata guda ta kwashe tana koya wa na'urar bambancin "da kyau", "dama-dama" da "sai a hankali", don mahaifiyarta ta zaɓi wanda zai riƙa kawo wa gidan burodinta kaya. Amma duk ma'aikacin gidan burodin da aka tambaya game da dillalan, amsarsa ɗaya: "Ba laifi."

"Na biyun za mu ɗauka," in ji Mama. "Shi kaɗai aka ce wa ba laifi nan take. Sauran kuwa, sai da aka sosa ƙeya."

"To, aikina fa, Mama?"

Mama ta dubi kwamfutar, ta ture ɗankwali, ta sosa ƙeya.

"Ba laifi."