Murjanin da Ya Fito Fes a Hoto

Ka ce za ka sare mangwaron da marigayiya mahaifiyar yaranka ta dasa, wai inuwarsa ce take sa tsakar gida duhu in kana magana da su ta bidiyo. To jingine gatarin tukuna, ƙanena, in ba ka wani misali.

An yi wani tsohon direba, Bahaushe, da neman abinci ya kai shi Jidda har furfura ta cim masa a can. Matarsa ta rasu, 'yarsu tilo kuma aure ya mai da ita gida Katsina. Abu ɗaya mai rai matar ta bar masa, murjani a cikin akwatin gilashi cike da ruwan gishiri. Ba murjanin da mata suke sawa a wuya nake nufi ba, mai rai, irin na ƙarƙashin teku, ka gan shi kamar reshen itace alhali dabba ce, jikinsa duk 'yan ƙananan bakuna suna buɗewa suna rufewa. Tun yana kamar ɗan yatsa ta samo shi, ta shekara tara tana renonsa har ya yi rassa, kore da ruwan goro. Da ta rasu, tsohon ya gaji renon daga gare ta. Kullum da safe sai ya duba gishirin ruwan, ya goge gilashin, ya jawo kujera ya sha shayinsa a gaban akwatin. A gidan nan babu mai motsi sai shi da murjanin, babu mai ƙara sai injin da yake kaɗa ruwan. Kaɗaici ya ci shi ba kaɗan ba.

'Yar ba muguwa ba ce, hidimar gida ce ta sha kanta. Ya lura in ya kira sau uku ta ɗauka sau ɗaya, amma in hoto ya tura takan amsa. Sai ya ƙudura zai nuna mata yadda abin mahaifiyarta ya girma, ko ta ji marmarin zuwa. Matsalar ita ce fitilar da murjani yake rayuwa a ƙarƙashinta shuɗiya ce. Ido yana ganin launinsa sarai, waya kuwa sai ta fito da komai kamar an tsoma shi a marina. Ya tura haka nan, ta rubuto, "Baba, ban gane komai ba." Maganar ta tsaya masa a rai. Wani mai shagon kifin ado ya ce masa ya kashe injin na ɗan lokaci ruwa ya kwanta, ya ɗora ɗan gilashi mai launin ruwan lemo a idon wayar, fitilar kuwa kada ya taɓa ta. Ya gwada, hoton ya ɗan gyaru, amma bai kai abin da idonsa yake gani ba. Shi kuma mutum ne da ya shekara arba'in a kan titi, abin da ya sani kawai in ba ka ganin hanya ka ƙara haske. Ya sayo farar fitila irin ta filin biki, ya rataye ta a kan akwatin, ya bar ta tana ci tun safe har magariba, wai don murjanin ya saba.

Kwana uku murjanin ya tsuke. Ya ga hakan sarai, amma a waya rassan sun fara fitowa ɗaya-ɗaya, sai ya bi ta waya. Koren ya koɗe, ruwan goron ya bi bayansa. Kafin mako uku ya zama fari fat kamar alli. Ranar ce hoton ya fito fes, kowane reshe da inuwarsa. Ya tura, ko minti biyar ba a yi ba ta amsa: "Masha Allah, Baba, ya yi kyau! In mun zo umra da azumi zan nuna wa yara abin kakarsu." Ya yi murna har da dariya shi kaɗai, ya ɗaga kai ya dubi akwatin. Sai a lokacin ya lura babu baki ko ɗaya da yake buɗewa. Ya sauke farar fitilar, ya jira mako, ya jira wata, babu abin da ya tsiro a rassan sai gansakuka. Ya ci gaba da jawo kujerarsa da safe. Injin ma bai kashe shi ba, don in ya kashe babu sauran sauti a gidan.

Yaranka in sun zo, gindin mangwaron nan za su fara nufa, don can suke tuna uwarsu. Ja kujerarka zuwa inda rana take ka yi bidiyonka, ka bar itacen. Ba a banza Hausawa suka ce garin neman gira a rasa ido ba.