Layin Dogon Kara a Tsibiri

Maraɗi ba ta da jirgin ƙasa. Nawa na farko na gan shi a tsakar gidanmu a Tsibiri, ranar da Kawu, wanda ya bar aikin reluwe a Kano da ƙafa guda, ya shimfiɗa karan hatsi layi biyu suka haɗe wuri ɗaya. Gwangwanayen sardin ne jiragen.

Ya tura nashi gwangwanin, ya damƙe mini wuyan hannu, ya ce, "To tura naki mu gani."

Na yi, na yi, na kasa. Hannunsa na warin taba.

"Haka ƙarfen reluwe yake, ɗiyata. In mai sigina ya buɗe wa jirgi guda hanya, sakata ta kulle ɗayar ke nan. Ko shugaban tasha ya yi ta ihu, ba ta buɗuwa sai na farko ya wuce."

Na dubi wandonsa da aka naɗe a gwiwa. "To ƙafarka hwa, Kawu?"

"Can inda ake lodin gyaɗa babu sakata. Mutum ne da tuta. Mutum ko yana mantuwa."

Ran kasuwar da ta wuce, a mararrabar Jiratawa, wani ya ɗaga wa motarmu hannu, ya kuma ɗaga wa kamiyon, babbar motar gyaɗa. Muka yi karo. An rufe Hadiza, wadda muka gama kwalej tare. Ni ko kwarzane babu. Amma har yanzu in na ji ham ɗin mota, sai in sami kaina damƙe da wuyan hannuna.