Awon Bayan Mota

Tsohon ya zagaya a-kori-kura biyun da ke filin dillalin motoci a Konni, ko inji bai leƙa ba.

"Wagga miliyan ashirin ce, Baba, rairayi da kwalta duk ɗaya gare ta," in ji dillalin. "Waccan sha biyu, sai dai ba ta da sauri."

"Mai arhar, mutum nawa take ɗauka?"

"Goma sha biyar, in sun tsaya."

Tsohon ya warware rawaninsa, ya auna tsawon bayanta da shi.

"'Yan bindiga sun ba garinmu wa'adin Juma'a, mu kuwa mun ce ba mu tashi. Ba a tsaye nake tambaya ba, ɗana. A kwance, nawa take ɗauka?"